Bello Ya-yi-nauyi da Tsohuwarsa

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Illela ranar Lahadi ya san aduwar nan ta can ƙurya, daf da katangar arewa. Ku da kuka san marigayi Bello kuwa, ba sai na gaya muku wanda ake tararwa a gindinta ba. Yana tsaye, hula a karkace, hannu ɗaya a sama riƙe da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da aka ɗaure da roba, baki yana motsi. Baƙo sai ya ɗauka lazimi yake yi. Ina! Ƙirga yake yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. In shafin intanet ɗin da ya gina bai buɗe ba kafin biyar, sai ya ja tsaki ya ce, "Ya yi nauyi," ya cusa wayar a aljihu ya koma gida gyara, ko da kuwa ɗaurin aure ake jiransa. Da haka sunan ya bi shi har kabari, Bello Ya-yi-nauyi. Wayar kuma Tsohuwa yake kiranta, cikin ladabi.

Me ya sa sai aduwa? Saboda duk faɗin Illela babu inda sabis ya lalace kamar nan. Na gida ya mutu, na Nijar ya leƙo ya koma, waya ta rasa ƙasar da take ciki. Bello ya ce shafin da ya buɗe a kan Tsohuwa a gindin aduwa, to ko'ina a duniya zai buɗe.

Ni ne Ummaru dillalin shanu, taubashinsa. Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara huɗu. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa bawana, kuma har ya bar duniya ba mu raba wannan gardama ba. A garin nan babu wanda ya kai ni zagin wayar nan. Amma na rantse muku da Allah, ba don ita ba, da yanzu ni ma addu'ar mamata kuke yi mini. Zan zo kan wannan, ku dai bi ni a hankali.

Bello ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, daga nan wani kamfani a Abuja ya ɗauke shi aikin gina shafuka. Na taɓa tsare shi na ce ya gaya mini takamaimai abin da yake yi, tunda kullum yana duƙe a kan kwamfuta yana rubuta wasu ƙananan baƙaƙe masu launi-launi.

Ya ce, "Bawana, shafi awa gida na. Akwai masu gina ɗakunan ciki inda aka aje kaya, akwai mai gina zaure da ƙohwa. Ni mai zaure na. Abin da ido ka gani, yatsa ka latsawa, shi na aikina."

Na ce, "Ashe duk karatun ga, mai gadi kaz zama."

Ya ce, "Gara ni. Kai igiya kaka riƙo, san ma ba naka ba."

Shekara uku ya yi a Abuja. Abin da ya raba su da ogansa, bidiyo ne. Oga ya sa a ɗora bidiyon ginin kamfanin yana juyawa a fuskar shafinsu. Bello ya sauka ƙasa, ya ari wayar mai shayin bakin ƙofa, ya ƙirga biyar, shafi bai buɗe ba. Ya koma sama ya cire bidiyon ba tare da ya tambayi kowa ba. Oga ya ce ko ya mayar, ko ya ajiye aiki. Da na tambaye shi amsar da ya ba shi, sai ya ce, "Na ce mai, kamhwanin ma duka ya yi nauyi." Haka ya dawo mana da jakar kwamfuta da Tsohuwa. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa.

A nan gida ya ci gaba da sana'arsa. Ya gina wa masu albasa na Lafani shafi, ya gina wa wata Islamiyya a Amarawa, ya gina wa wata mai ɗinki. Dukansu kamarsu ɗaya: farin bango, baƙin rubutu, maɓallai manya-manya. Babu kiɗa, babu abin da ke walƙiya. Kuma kun tuna zaren nan da yake yawo da shi a aljihu? Yatsun mutane yake gwadawa! Ya ce 'yan birni suna gina maɓalli don yatsan da bai taɓa riƙe fartanya ba. Haka ya bi kara yana kama hannun dattawa, har ya kai ga Arɗo Buba na Tozai, wanda babban yatsansa ya kusa kai kan taɓarya.

"Baffa Arɗo, ara mini yatsa."

Arɗo ya ɓoye hannunsa a bayan riga. "Mi za ka yi da shi?"

"Gwadawa za ni yi in maido ma."

Arɗo ya dube ni ya ce, "Ummaru, ɗan'uwan ga naka lahiya tai ƙalau?" Amma ya miƙa. Tun daga ranar, kowane maɓalli da Bello ya gina, da awon yatsan Arɗo ya gina shi.

To a shekarun nan kun san halin da muka shiga na satar shanu. Kara ta zama wurin da kowa ke kallon kowa da gefen ido. A gabana wata Lahadi aka rufe wani bawan Allah da duka a kan an ga saniya mai tsagar kunnen wasu mutane a hannunsa. Kafin a gano sayenta ya yi, an riga an karya masa hannu da haƙarƙari, kuma har yau bai ƙara taka kara ba. Mu dillalai abin ya fi tayar wa hankali, don mu ne kullum igiyar wani ke hannunmu. Shugabanmu Alhaji Ɗanjummai ya tara mu, ni ina sakatare, aka yi ta magana har la'asar ba a tsayar da komai ba. Bello da ba wanda ya gayyace shi ya miƙe daga bayan rumfa ya ce zai gina mana shafi, kuma ba ya son ko goro.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Duk dabbar da ta canja hannu, a ɗauki hoton kunnenta kusa-kusa, inda tsagar gidan masu ita take. Sannan mai sayarwa ya faɗi sunansa da abin da ya sayar da bakinsa, cikin daƙiƙa goma, waya ta naɗa. A fuskar shafin babu rubutu mai yawa, zanen kunnuwa ne a jere, kowanne da irin tsagarsa. Ko ba ka taɓa shiga aji ba, ka latsa tsagar gidanku, duk dabbar da aka sayar mai wannan tsaga za ta fito. Ya kuma yi wata dabara da ya fi alfahari da ita: shafin yana ajiye komai a cikin wayar, ta yadda ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya zai buɗe. Shi ya sa yake matse kowane hoto har sai ya zama ɗan mitsitsi, don Tsohuwa ba ta da ciki.

Rigima ta fara ne daga hoton Alhaji. Alhaji Ɗanjummai ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya kira mai hoto, ya tsaya kusa da farin bijiminsa, ya ce a sa a saman shafin tunda shi ne shugaba. Bello ya karɓa da hannu biyu. Ranar da aka buɗe shafin, Alhaji ya duba sama, ya duba ƙasa, ya goge tabarau.

"Bello, ina nike?"

"Ga ka nan, ranka shi daɗe, can ƙasa wajen dama."

"Wanga ɗan ɗigon? Ai ƙuda na ɗauka!"

"Kai na, Alhaji. Aikin rigar kaɗai ya ci wurin shanu arba'in. Kuma wanda sanai yaɓ ɓace, ba hularka shika biɗa ba."

Muka guntse dariya, wasu suka fita waje da ita. Alhaji ma ya yi murmushi, amma irin wanda ba ya kaiwa ido. Na san bai manta ba.

Ko ni da nake ɗan'uwansa bai ɗaga mini ƙafa ba. Wata Lahadi gab da damina, Jae ƙanen Arɗo Buba ya jawo ni gefe da wani jan maraƙi mai kyan ƙira. Matarsa ba lafiya, yana son ya kai ta asibiti kafin ya wuce arewa da garke wajen kiwo, kuma ba ya son yayansa ya san ya taɓa dabbar gida. Muka daidaita, na ce zan turke shi in kiwata da kaina. Na kama igiya zan sulale, sai ga Bello a gabana da Tsohuwa.

Na ce, "Kauce, bawana. Jae na, kowa ya san shi."

Ya ce, "Kowa ba shaida na ba. Kama mini kunnen."

Sai aka zo kan murya. Kun san gaisuwar Jae. In ya fara tambayar gida da shanu da ruwa da gajiya, sai rana ta karkata. Sau uku Bello yana latsawa, sau uku daƙiƙa goma na ƙarewa Jae bai wuce sallama da tambayar iyali ba. Bello yana tsalle yana dafe kai, Jae yana dariya har da riƙe ciki. A na huɗu aka samu. Na ja maraƙina ina cewa Allah ya raba ni da jarabar taubashi.

Bayan 'yan makonni labari ya zo. Ɓarayi sun tare Jae a hanyar arewa, sun kashe shi, sun kore garken gaba ɗaya. Mun je Tozai ta'aziyya. Arɗo yana zaune, idonsa a bushe. Ni kuma na riƙe amanar mamaci, ban ce komai a kan maraƙin ba.

Ana cikin haka wasu samari 'yan gayu suka zo daga birni da wata shimfiɗeɗiyar kwamfuta, suka nuna wa Alhaji sabon shafi. Kai, abin ya yi kyau! Launi kala-kala, shanu suna tafiya, ga Alhaji ya cika fuska yana ɗaga hannu, ga kiɗa. Suka ce za su kwashe duk abin da ke tsohon shafi su zuba a sabo. Ba zan ɓoye muku ba, ni na fi kowa rawar kai. Na gaji da a riƙa ce mana 'yan ƙauye.

Bello ya zo taron, ya saurara har suka gama. Sai ya ce abu ɗaya yake roƙo, a je aduwa. Muka ɗunguma. Ya buɗe sabon shafin a kan Tsohuwa ya ɗaga hannu. Ya ƙirga biyar. Ya ƙirga hamsin. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar gilashi. Ya miƙa mini wayar ya ce in riƙe masa, ya je ya sha fura, ya wanke baki, ya dawo. Zoben nan yana nan yana juyawa.

Ya ce, "Alhaji, ko a kawo tabarmi?"

Jama'a suka fashe. Samarin suka ce laifin wayar ne, wa ke riƙe irin wannan a yanzu? Fuskar Alhaji ta haɗe. Ni kuma, don in faranta wa shugaba, na buɗe baki a gaban mutane na faɗi maganar da har yau take ci mini rai.

Na ce, "Bello, hassada ta ka cin ka. Shafinka awa kai shike, ƙeƙasasshe, ba mai son kallonai. Shi yas sa Abuja tak koro ka."

Tsakanin taubasai akwai zagi iri-iri, amma wannan ba na wasa ba ne, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Bello bai rama ba. Ya karɓi wayarsa, ya gyara robar da ta zame.

Ya ce, "Ummaru, ba don kallo nig gina shi ba. Don ranar da za a riƙe wuyan rigar mutum na."

Ranar ce kaɗai a rayuwata ya kira ni da sunana. Aka rufe shafinsa, aka koma sabo.

Bai yi wata uku ba ciwon ciki ya kwantar da shi. Na je duba shi asibiti a Sakkwato da niyyar in ba shi haƙuri. Na tarar ya rame, amma baki na nan. Ma'aikaciyar jinya ta lulluɓa masa bargo, ya ture ya ce ya yi nauyi. Na kawo masa kankana, ya ɗaga ya ajiye, bai ma ƙarasa faɗi ba muka yi dariya tare. Dariyar nan ta sa na ga kamar an wuce wurin, na ce bari sai ya warke. Na fito ban faɗa ba. Bayan kwana shida ya rasu.

Ranar sadakar bakwai, matarsa Saratu ta sa aka kira ni zaure. Ta miƙo mini wani ƙullin tsumma ta bayan labule.

Ta ce, "Ya ce a ba bawanai. Ya ce ka riƙa sa mata caji duk Asabar, kuma kak ka shiga kara ba ka da ita."

Na kwance, Tsohuwa ce. Mutane suna gadon gona, ni na gaji wayar da ko ɓarawo ya tsinta sai ya mayar. Amma na yi abin da ya ce. Ba don na yarda tana da amfani ba, kunyar mamaci ce kawai. Duk Asabar in jona ta, duk Lahadi in jefa ta a aljihun 'yar ciki. Matata har tana tambayata ko tsohuwar ta tashi lafiya.

Sai Lahadin da ta rage mako biyu babbar Salla. Jan maraƙin nan ya zama bijimi, ya yi ƙiba yana sheƙi, na fito da shi. Kara ta cika maƙil, babu masaka tsinke, ban samu wurin ɗauri ba sai can gindin aduwa. Wajen hantsi ina tsaye da wani mai saye, sai na ga Arɗo Buba yana tafe da mutanensa su biyar, kowa da sanda a kafaɗa. Na ɗaga hannu zan gaishe shi. Bai dube ni ba. Bijimin yake kallo.

Ya matso a hankali ya kama kunnen, ya shafa tsagar da yatsa. Ya zaga ya duba wani farin tabo a ƙirjinsa. Ya kira sunan uwar bijimin da Fillanci, wallahi dabbar nan ta juyo da kai.

"Ummaru." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wanga na cikin garken Jae na."

"Hakanan na, Baffa. Shi yas saida mini, tun kahin shi tahi."

"Jae bai taɓa saida ko akuya ban sani ba."

"Ya ce kar in hwaɗa ma, Baffa. Matatai ta ba lahiya."

"Kuma yanzu ba shi da bakin da za shi ƙaryata ka."

Ban ga lokacin da hannunsa ya kai wuyan rigata ba. Ya murɗa har numfashina ya sarƙe. Biyu daga cikin mutanensa suka riƙe mini hannuwa ta baya. Mai sayen da ke tare da ni ya ɓace kamar bai taɓa zuwa ba. Kafin ka ce me, jama'a sun kewaye mu, na baya suna tambaya, na gaba suna ba su amsa: an kama wanda ya kashe Jae. Ba ma mai sayen kayan sata ba, wanda ya kashe shi! Wani ya kai mini mari ta gefe, hulata ta faɗi aka tattake. Mutanen da muka ci abinci kwano ɗaya da su na hango suna sunkuyar da kai. Daga can baya na ji wata murya tana cewa a nemo taya. Na tuna mutumin nan da aka karya a gabana, na tuna 'ya'yana uku.

Alhaji Ɗanjummai ya kutso yana haki. Allah ya saka masa, ya tsaya a gabana ya buɗe hannuwa.

"Ku dakata! Muna da shafi! In an saida shi, shina ciki!"

Ya zaro babbar wayarsa ya latsa. Zobe ya fara juyawa. Ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Saƙo ya shigo yana yi masa barka da zuwa Nijar. Ya ɗaga ta ya ƙara ɗagawa, gumi yana bin gemunsa. Wani ya gwada tasa, wani ma ya gwada, duk zobe. Can sai wayar Alhaji ta yi ƙara, kowa ya miƙa wuya. Kiɗa ne. Saman hular Alhaji ya bayyana a gilashi, da rabin goshinsa, daga nan komai ya tsaya cik.

Wani ya yi dariya guda ɗaya ya haɗiye. Arɗo bai yi ba.

Ya ce, "Alhaji, kauce. Ba na son jininka shi haɗu da nai."

Na ga sanduna sun sauko daga kafaɗu. A daidai nan, da Arɗo ya ƙara murɗa rigar, wani abu mai tauri ya tokare mini haƙarƙari. Na ƙwala masa kira.

"Baffa! Tsohuwa! Tana aljihuna na ciki!"

"Wace tsohuwa?"

"Wayar Bello. Don girman Allah, ɗauko ta da hannunka."

Ya tsaya yana kallona. Ina jin sunan Bello ne ya sa ya saurara. Ya sa hannun hagu ya zaro ta, dama tana wuyana. Alhaji ya kunna masa ita, ya taɓa alamar tsohon shafin. Ban san lokacin da na fara ƙirga a fili ba. Ɗaya. Biyu. Ban kai uku ba farin bango ya fito, ga kunnuwa a jere.

Na ce, "Latsa tsagar gidanku, Baffa. Da yatsanka anka gwada maɓallin."

Yatsan nan nasa ya zauna a kan maɓallin daidai wa daida. Hotuna kaɗan suka fito. Na ƙarshe jan kunne ne, ga tsaga biyu, ga wasu yatsu riƙe da shi, nawa. Arɗo ya dubi hoton, ya dubi kunnen bijimin. Ya latsa ɗan zanen baki da ke ƙasa.

Lasifikar Tsohuwa a fashe take, amma duk wanda ke gindin aduwa ya ji.

"Salamu alaikum, jam, ina gaida jama'a, ina gaida..."

Sai wata murya ta katse shi da tsawa, muryar da muka binne wata huɗu da suka wuce.

"Jae, ya yi nauyi! Sunanka da abin da kas saida!"

Sai dariyar Jae. "To, to. Ni Jae na Tozai, na saida ma Ummaru jan maraƙi, da yardata. Kar dai Arɗo shi jiya!"

Muryar ta tsaya. Ban taɓa jin kara ta yi shiru irin na wannan lokacin ba, har kukan shanu kamar daga wani gari yake zuwa. Hannun Arɗo ya saki rigata a hankali. Waɗanda suka riƙe ni suka ja da baya. Dattijon nan ya zauna a kan saiwar aduwa, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya sake latsawa. Da aka zo kan "kar dai Arɗo shi jiya", sai ya yi wata irin dariya, ya ce, "Ga shi kau na jiya, ja'iri." Daga nan hawayen da bai zubar ba ranar ta'aziyya suka ɓalle. Sau huɗu yana latsa maɓallin nan, ba wanda ya hana shi, kuma rabinmu kuka muke yi, wasu don Jae, wasu don Bello.

Da ya miƙe, da kansa ya tsinto hulata daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya ɗora mini.

Ya ce, "Ummaru, na zalunce ka gaban jama'a. Gaban jama'a nika biɗar gahwara."

Na ce na yafe. Mai neman taya kuwa har yau ba a san ko wane ne ba, kowa ya ce shi a lokacin yana wajen awaki. Alhaji ya dubi wayarsa, rabin goshinsa yana nan a tsaye. Ya kashe ta ya zura a aljihu, ya faɗa can ƙasan maƙoshi, yana zaton ba mai ji, "Ya yi nauyi."

Bijimin ban sayar ba. Arɗo ya roƙa a yi musanye, tunda shi kaɗai ya rage daga garken ƙanensa, ya ba ni wani ya tafi da jan bijimin Tozai. Tsohon shafi kuma an dawo da shi, wani abokin karatun Bello ne ya zo daga Sakkwato ya tayar da shi daga kwamfutar da ke hannun Saratu. Hoton Alhaji yana nan a ƙasa wajen dama, kamar ƙuda, kuma yanzu shi ke nuna wa baƙi da kansa. Duk Lahadi Arɗo yakan neme ni a gindin aduwa. Hannu kawai yake miƙowa, in ba shi Tsohuwa ya ji daƙiƙa gomansa ya maido.

Ni ma nakan ji. Sai dai ni tsawar nan ta tsakiya nake jira.

Bello, na je Sakkwato da magana a bakina na dawo da ita, kuma ta fi ƙarfina riƙewa. Abin da na faɗa maka a gindin aduwa ƙarya ne, ka yafe mini. Gardamarmu ta tun yarinta kuma, ga jama'a su shaida, na sallama. Ni ne bawan.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Jae. Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari. Ranar da za a ɗora ayyuka a kan mizani kuma, Allah ya sa naka ya yi nauyi. Amin.